Canza Ɗabi'a da Horar da Zuciya: Tambayoyin da Aka Fi Yi da Amsoshinsu

Tambayoyin nan kusan duk wanda ya taɓa cewa "daga yau na daina" ko "daga gobe zan fara" ya yi ma kansa su, ni ma na yi, shi yasa na tattaro su wuri ɗaya. Na jera su daga masu sauƙi zuwa masu ɗan zurfi, amma kowace amsa tana tsaye da ƙafarta, kana iya tsallakawa kai tsaye zuwa wacce ta dame ka.

Wai dama mutum yana iya canza halinsa? Ba cewa ake hali zanen dutse ba?

Karin maganar tana da gaskiyarta, amma mu raba abu biyu tukuna. Akwai yanayin da aka halicci mutum da shi, wani mai sanyi ne tun yana yaro, wani mai zafi, wani yana son shiga mutane wani kuma hayaniya gajiyar da shi take, irin wannan yana motsawa amma a hankali sosai, cikin shekaru. Sai kuma sabo, wato abin da ka maimaita ka maimaita har ya zama jikinka na yi ba tare da ya nemi izininka ba, kamar lalubar waya da ka buɗe ido, cizon farce, kwana a makare, ɗage aiki zuwa anjima. Wannan koyonsa aka yi, kuma abin da aka koya ana iya koyon wani a kansa.

Abin da ke ba ni takaici shi ne yadda mutane ke ɗaukar sabo su kira shi hali, sai ka ji matashi ɗan shekara 22 yana cewa "ni haka Allah ya yi ni, malalaci ne," alhali in ka bi rayuwarsa zaka ga ba ya kwanciya sai ƙarfe 2 na dare saboda waya. Wannan ai matsalar barci ce ta saka rigar lalaci.

Me yasa nake yin abu sai na gama sannan in farga na yi? Me ke faruwa a kaina?

Ƙwaƙwalwa tana da rowar ƙarfi, duk abin da ta ga ana maimaitawa a wuri ɗaya kuma ana samun wani daɗi ko sauƙi a bayansa, sai ta ɗauke shi daga sashen tunani da yanke shawara ta miƙa ma wani sashe da ke can ciki, masana na kiransa basal gangiliya. Ann Graybiel ta jami'ar MIT a Amurka ta shafe shekaru tana gwaji da ɓeraye a wata 'yar hanya mai reshe biyu, da farko ƙwayoyin wannan sashen suna aiki tun daga farkon gudu har ƙarshe, amma da ɓeran ya saba sai aikin ya taru a farko da ƙarshe kawai, tsakiyar ta yi shiru. Kenan an ɗaure aikin gaba ɗaya ya zama ƙunshi guda, da an taɓa bakinsa sai ya warware da kansa.

To abu uku ne a kowane sabo: alamar da ke tsokano shi (lokaci, wuri, wani mutum, ko wani yanayi na zuciya kamar kaɗaici), aikin kansa, sai daɗin da ke biyo baya. A shekarun 1990 Wolfram Schultz ya gano a jikin birai cewa sinadarin dopamin na ƙwaƙwalwa da farko yana tashi ne lokacin da lada ta iso, amma bayan sabo sai ya koma tashi tun lokacin da aka ga alamar. Shi yasa ƙarar saƙo kawai ta isa ta sa hannunka ya tafi aljihu. Wendy Wood da abokan aikinta kuma a 2002 sun sa mutane rubuta abin da suke yi duk awa, suka samu kusan kashi 43 cikin 100 na ayyukan yini ana yinsu ne kusan kullum a wuri ɗaya, sau tari hankali na wani wajen. Ka riƙe maganar alamar nan, zamu dawo kanta a amsar barin mummunan sabo.

Gaskiya ne kwana 21 ake ɗauka sabon hali ya zauna?

A'a. Lambar ta samo asali ne daga wani likitan tiyatar gyaran fuska a Amurka, Maxwell Maltz, wanda a littafinsa na 1960 ya ce ya lura marasa lafiyarsa na ɗaukar aƙalla kwana 21 kafin su saba da sabuwar kamarsu. Da maganar ta yi ta yawo daga baki zuwa baki sai "aƙalla" ta faɗi a hanya, kuma ma shi ba gwaji ya yi kan sabo ba, lura ce kawai ta likita.

Wanda ya yi gwajin su ne Phillippa Lally da tawagarta a Landan, binciken ya fito a 2009. Mutum 96 kowa ya zaɓi abu ɗaya da zai riƙa yi kullum a lokaci ɗaya har kwana 84, suna ba da rahoton yadda abin ke zuwa da kansa. Na tsakiyarsu ya kai kwana 66, amma tazarar tana da faɗi ƙwarai, daga kwana 18 har wanda lissafi ya nuna sai ya kai 254. Abu mai sauƙi irin shan kofin ruwa ya fi saurin kamawa akan motsa jiki. Illar maganar kwana 21 ita ce mutum ya kai rana ta 22 ya ji har yanzu da ƙyar yake yi, sai ya yanke cewa shi ne mai matsala ya watsar, alhali ko rabin hanya bai kai ba.

Kullum da zafi nake farawa, sati biyu sai in saki. Rashin ƙarfin zuciya ne ko?

Ɗan'uwa wannan ita ce tambayar da ta fi kowacce yawa, kuma amsar da mutane ke ba kansu ita ce ta fi cutar da su. Zumuɗin farko yanayi ne na zuciya, kamar fushi ko murna, yana zuwa yana wucewa, babu wanda nasa ke tsayawa wata uku a sama. In ka gina shirinka a kan yadda kake ji ranar da ka ɗau alwashi, ka ce awa biyu na karatu kullum da gudun safe da daina waya duk a tare, toh ranar da ka tashi a gajiye ko ranka a ɓace shirin ba shi da ƙafar tsayawa.

Akwai wani bincike da nake yawan tunawa. Wilhelm Hofmann da abokansa sun bi mutum 205 a Jamus tsawon mako guda, na'ura na tambayarsu sau 7 a rana ko akwai abin da ransu ke so yanzu kuma ko suna kokawa da shi. Sakamakon da ya fito a 2012 ya nuna waɗanda aka sani da kamun kai sun fi ƙarancin shiga kokawar ma gaba ɗaya, rayuwarsu suka tsara yadda ba sa yawan cin karo da abin da zai ja su. Ita ma maganar nan da ta shahara tun 1998 cewa juriya kamar batir ce tana ƙarewa in an yi amfani da ita, da ɗakunan bincike 23 suka sake gwada ta a 2016 da mutum sama da 2,000 kusan ba su ga komai ba. Don haka ni ban yarda ka zauna kana auna ƙarfin zuciyarka kana raina kanka ba, ka duba girman abin da ka ɗauko da kuma wurin da kake zaune, su biyun akwai amsoshinsu a ƙasa.

Toh a aikace ta ina zan fara?

Ka zaɓi abu ɗaya, ka rage shi har sai ka ji kamar ya yi kaɗan da yawa. Shafi biyu na littafi, minti biyar na tafiya, layi uku na rubutu. Ma'aunin shi ne zaka iya yinsa ranar da ba ka da lafiyar rai? In eh, girman ya yi. A watan farko abin da kake ginawa shi ne zuwan, wato jikinka ya san in lokaci kaza ya yi ana yin abu kaza, yawan aikin daga baya yake ƙaruwa kuma sau da yawa da kansa, don wanda ya buɗe littafi don shafi biyu ba kasafai yake tsayawa a biyun ba.

Na biyu, ka ɗaura shi a jikin wani abu da dama kana yi kullum, kuma ka faɗa da baki ko ka rubuta: "in na gama goge baki da dare, zan zauna a kujerar nan in karanta shafi biyu." Peter Gollwitzer ne ya fi kowa nazarin irin wannan shiri na "in kaza ya faru zan yi kaza", kuma a 2006 shi da Paschal Sheeran sun haɗa gwaje-gwaje 94 suka ga tasirinsa ba ƙarami bane. A wani gwaji a Birtaniya a 2002 da mutum 248, waɗanda aka bari haka nan kashi 38 suka motsa jiki, waɗanda aka ba bayanin amfanin motsa jiki don a zaburar da su kashi 35, waɗanda kuma aka ƙara musu da rubuta rana da lokaci da wurin da zasu yi kashi 91. Dubi tazarar nan fa. Bayani da wa'azi kaɗai bai motsa komai ba.

Na uku ka shirya kayan tun kafin lokacin, ba a fafe gora ranar tafiya. Littafin na kan kujerar, takalmin na bakin ƙofa.

Abubuwa biyar nake son gyarawa, in haɗa su?

Taura biyu ba ta taunuwa, balle biyar. Ɗauki ɗaya, in ya kai matsayin da ba ka jayayya da kanka a kansa sai ka ƙara. In ka rasa wanne zaka fara da shi kuma barcinka a hargitse yake, fara da lokacin kwanciya, babba na buƙatar awa 7 zuwa 9, kuma wanda bai yi barci ba komai wahala yake masa, haƙuri, maida hankali, har kame baki.

Wannan na fara sabon abu ne. Mummunan sabon da nake son bari fa?

Bari ya fi farawa wuya, ba zan ɓoye maka ba, saboda tsohuwar hanyar ba ta gogewa daga ƙwaƙwalwa, tana nan kwance, shi yasa wanda ya bar sigari shekara uku ranar tashin hankali sai ya ji ransa ya biya. Abu na farko ka yi mako guda kana leƙen asirin kanka ba tare da ka yi ƙoƙarin dainawa ba. Duk sanda ka yi abin ka rubuta: ƙarfe nawa, ina kake, da wa kake, me ya faru kafin nan, yaya zuciyarka take. Kafin sati ya ƙare zaka ga abin ba ko'ina yake zuwa ba, yana da lokutansa da wurarensa, watakila biyu ko uku kacal. Sannan ka tambayi kanka tsakani da Allah me abin ke ba ka, hutu ne daga aikin da ya gundure ka, ko maganin kaɗaici, ko hucewar fushi? Buƙatar nan ta gaskiya ce kuma ba za ta tafi don ka daina ba, dole ka sama mata wata ƙofa.

"Kar in yi, kar in yi" kaɗai ba ya aiki. A 1987 Daniel Wegner ya ce ma mutane su yi minti biyar kar su tuna farin beyar, dabbar nan ta ƙasashen ƙanƙara, in ya faɗo musu a rai su kaɗa ƙararrawa. Suka yi ta kaɗawa, kuma da aka ba su izinin tunawa daga baya sai suka fi waɗanda ba a taɓa hanawa ba yawan tuna shi. Don ka tabbatar ba ka tuna abu ba dole wani ɓangare na kanka ya riƙa leƙa shi. Shi yasa musanya ta fi hani. Tun 1973 Nathan Azrin da Gregory Nunn suka fito da hanyar da har yau likitocin halayya ke amfani da ita ga masu cizon farce da tsigar gashi: mutum ya koyi gane motsin farko, da hannu ya fara tashi sai ya dunƙule shi ko ya riƙe wani abu na ɗan lokaci, aikin da ba zai yiwu a haɗa shi da cizon ba.

Ana ta cewa a canza muhalli. Da gaske wuri na da wannan tasirin?

Sosai ma. Lokacin yaƙin Biyetnam kusan soja 1 cikin 5 na ƙananan sojojin Amurka da aka bincika sun ce sun kamu da jarabar ƙwayar hiroyin a can, hukumomi suka tsorata cewa in sun dawo gida ƙasar zata cika da 'yan ƙwaya. Lee Robins ta bi sawunsu a farkon shekarun 1970, sai ta samu cikin waɗanda suka kamu kusan kashi 5 ne kawai suka koma jarabar a shekarar farko, kusan kashi 12 cikin shekara uku. Dalilan suna da yawa, a can abin na da arha kuma ko'ina akwai, ga tsoro ga kaɗaici ga abokan sha, da suka dawo duk waɗannan alamomin suka ɓace a lokaci ɗaya. Ka kwatanta da wanda aka kwantar aka yi ma magani sannan ya koma ɗakinsa na da, layinsa na da, abokansa na da.

Ba sai ka yi hijira ba. Ka ƙara ma abin da kake son bari wahala ko da 'yar kaɗan ce, ka rage ma wanda kake son yi. Canza hanyar da kake bi, canza kujerar da kake zama, fitar da abin daga ɗaki. In kuma rayuwa ta kawo canji da kanta, sabon gida, sabon aiki, sabuwar makaranta, to wannan dama ce babba don tsofaffin alamomin sun karye, ka yi sauri ka dasa abin da kake so kafin wasu su tsiro. Maganar abokai kuma ita ce mai ciwo, zama da maɗaukin kanwa shi ke kawo farin kai. Ba na cewa ka yanke zumunci da kowa, amma in zaman ƙarfe 9 na dare shi ne inda abin ke faruwa, ka gansu da rana.

Waya ce ta cinye ni. Na goge manhajoji na sake saukewa ya fi sau goma.

Ki sani ko ka sani ba da abu mai sauƙi kake kokawa ba. Tun tsakiyar ƙarni na 20 B. F. Skinner ya nuna da tattabaru cewa ladar da ba a san lokacin zuwanta ba ta fi sa dabba nacewa akan wacce ke zuwa kullum. Jan allo ƙasa haka yake, sau tara ba komai, na goma sai ga abin dariya ko saƙon da kake jira, kuma shafin ba shi da ƙarshe da zai ce maka tashi.

Gogewa gaba ɗaya kan karye ne saboda wayar na da amfani na gaske, aiki da 'yan uwa duk suna ciki. Abin da na ga ya fi ɗorewa shi ne a raba ta da wurare biyu ko uku. Ta kwana tana caji nesa da gado, in da hali a wani ɗakin, agogon tashi kuma a nemi na daban. A kashe duk sanarwar da ba mutum ne ke nemanka kai tsaye ba. Facebook, TikTok da makamantansu a fitar da su daga fuskar farko, a riƙa fita daga akawun bayan an gama yadda sai ka rubuta kalmar sirri kafin ka shiga, 'yan daƙiƙun nan sun isa hankalinka ya farka ya tambaya me nazo yi. Kuma ka tanadi abin da zai cike gurbin, don awa uku da ka ƙwato in ka barsu fanko wayar zasu koma, duba amsar barin mummunan sabo a sama.

In sha'awar abin ta taso min da ƙarfi ji nake kamar zan haukace in ban yi ba. Me zan yi a wannan lokacin?

Abin da zuciya ke raya maka a lokacin shi ne wannan jin zai ta ƙaruwa har sai ka yi. Ba haka bane, yana hawa ya kai ƙololuwa ya sauka, ko ka yi ko ba ka yi ba, sau da yawa cikin mintuna. Alan Marlatt, masanin da ya yi aiki da masu shaye-shaye a Amurka, ya koyar da mutane su zauna su kalli sha'awar kamar igiyar ruwa: a ina nake jinta a jikina, ƙirji ne ko maƙogwaro ko hannu, ƙaruwa take ko raguwa, kana numfashi a hankali kana kallo, ba ka bi ta ba kuma ba ka yi dambe da ita ba. In zaman ya gagara ka ce ma kanka "minti goma tukuna", ka tashi daga wurin, ka wanke fuska, ka kira wani. Ranar farko da ka ga ta sauka da kanta kana kallo, tsoronta zai ragu a ranka sosai.

Na yi kwana 40 ina lafiya lau jiya na karya. Shikenan na koma sifili?

Wallahi ba ka koma ba. A binciken Lally da na ambata a amsar kwana 21, tsallake rana ɗaya bai yi wani tasiri a kan kamawar sabon ba. Abin da ke rusa mutane shi ne abin da suke faɗa ma kansu bayan faɗuwar. Janet Polivy da Peter Herman a Kanada sun lura da haka a masu rage ƙiba, da mutum ya ga ya ɗan ƙetare iyakar da ya sa ma kansa sai ya ce tunda an riga an ɓata bari a ƙarasa, kuskuren cokali ɗaya ya zama na yini guda, na yini ya zama na wata.

Mutane na tsoron in suka yafe ma kansu zasu sangarce. Wani bincike a jami'ar Carleton a Kanada a 2010 ya nuna akasin haka, ɗaliban da suka yafe ma kansu jan ƙafar da suka yi kafin jarabawar farko sun fi rage jan ƙafa kafin ta biyu. Kuma in ka duba da hankali abin a fili yake, yawancin munanan sabo maganin ɓacin rai muke yi da su, toh in ka zauna kana zagin kanka ka ƙara ɓacin ran, ina kake zaton zaka gudu? Yafe ma kai ba yana nufin ka ce ba komai ba. Ka ce na yi, bai dace ba, me ya jawo, wace alama ce ta same ni ban shirya mata ba, sai ka rubuta mata nata "in kaza ya faru zan yi kaza", kuma gobe ka koma ko da rabin abin ne. Rana ta biyun nan ita nake so ka tsare da ƙarfinka.

Maimaita kalmomin ƙarfafa kai da hasko nasara a zuciya suna aiki?

A nan ina da saɓani da yawancin masu bidiyon zaburarwa. Joanne Wood a jami'ar Waterloo da ke Kanada ta gwada a 2009, ta sa mutane maimaita cewa su abin so ne, waɗanda dama suna ganin kimar kansu suka ɗan ji daɗi, waɗanda ke raina kansu kuwa, su da aka fi yi ma tallan abin, sai suka ƙara jin ba daɗi. Zuciya ba ta karɓar maganar da ta san ba ta yarda da ita ba, gardama take farawa. Gara ka faɗi abin da zaka iya kafa ma hujja: "sati uku ina tashi a kan lokaci, ashe ina iyawa."

Hasko nasara ma haka. Gabriele Oettingen ta bi ɗaliban da ke gab da gama jami'a, waɗanda suka fi yawan mafarkin sun samu aikin da suke so su ne suka fi ƙarancin tura takardun nema, kuma bayan shekara biyu suka fi ƙarancin samun tayi da albashi. Daɗin mafarkin na sa jiki ya saki kamar an riga an isa. Gyaran da ta kawo shi ne ka hasko burin, eh, amma nan take ka juyo ka kalli abin da ke cikinka da zai tare ka, gajiyar yamma ce, kunya ce, tsoron a ƙi ka ne, sannan ka yi masa shiri.

Me ake nufi da horar da zuciya ma? Ni tunanina ba ya zama wuri ɗaya.

Ba kai kaɗai ba. A 2010 masu bincike biyu a Harvard, Matthew Killingsworth da Daniel Gilbert, sun yi ta tambayar mutum 2,250 ta waya me suke yi kuma me suke tunani, kusan kashi 47 na lokutan hankali na wani wuri daban da abin da ake yi. Horon yana da sauƙin faɗa: ka zauna minti biyar ka sa hankalinka kan abu ɗaya, numfashinka misali, zai gudu, ka lura ya gudu, ka dawo da shi ba faɗa. Mutane na cewa "na gwada na kasa, tunani ya yi ta zuwa," alhali dawowar nan ita ce atisayen, in ya gudu sau talatin ka dawo da shi sau talatin ka yi aiki talatin kenan. Amfaninsa a maganar sabo shi ne yana buɗe 'yar tazara tsakanin alama da aiki, inda zaka iya cewa au, ga shi nan ya taso.

Ɓangare na biyu shi ne tuhumar tunani. Aaron Beck, likitan ƙwaƙwalwa a Amurka, a shekarun 1960 ya lura masu ciwon damuwa na da wasu tunane-tunane da ke faɗo musu da sauri su karɓa ba bincike, "kullum ni nake ɓatawa", "kowa ya raina ni". Hanyar da ya gina a kai tana cikin waɗanda aka fi gwadawa a duniya. Ka rubuta tunanin a takarda yadda ya zo, ka tambaya mece ce hujjarsa, mece ce hujjar da ta saɓa masa, in ƙaninka ne ya zo maka da wannan maganar me zaka ce masa. Rubutawar na da muhimmanci, a cikin kai tunani kama da gaskiya yake, a takarda sai ka ga "kullum" ɗin sau biyu ne.

Na haura 45, ba icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi ba?

Yaro ya fi saurin ɗauka, wannan haka yake. Amma ƙwaƙwalwar babba ba busasshen icce bace. Direbobin tasi na Landan sai sun haddace dubban tituna kafin a ba su lasisi, karatun kan ɗauki shekara uku zuwa huɗu, kuma Eleanor Maguire ta nuna a 2000 cewa ɓangaren baya na sashen ƙwaƙwalwarsu mai riƙe taswirar wurare ya fi na sauran mutane girma. A 2011 ta bi masu koyon tun daga farko, waɗanda suka ci jarabawar sashen ya ƙaru, waɗanda suka bari bai ƙaru ba, kuma duk manya ne. A Jamus ma a 2004 an koya ma manya wasan cilla ƙwallaye uku ana cafewa, cikin wata uku hoton ƙwaƙwalwa ya nuna canji, da suka daina na wata uku ya fara komawa. Babba ma yana da abin da yaro ba shi da shi, ya san kansa, ya san lokutan da yake faɗuwa, kuma yininsa ya fi tsari, ga wuraren ɗaura sabon abu birjik.

Yaya zan gane abin ya zauna?

In gardamar ta mutu. Ka tsinci kanka a tsakiyar aikin ba ka tuna lokacin da ka yanke shawarar farawa ba, ranar da ba ka yi ba kuma ka ji wani abu ya ɓace kamar ka fita ba ka goge baki ba. Yin alama a kalanda na taimakawa a watannin farko, amma ka ƙirga yawan ranakun da ka yi a wata, 24 cikin 30 misali, kar ka ƙirga jere kawai, don mai ƙirga jere rana ɗaya ke rusa masa lissafi. Kuma ka sa ido lokacin tafiya, rashin lafiya ko sauyin aiki, nan ne sabo mai kyau ma ke zubewa saboda alamarsa ta ɓace, da ka dawo ka sake ɗaura shi da gangan.

Yaushe ne abin ya wuce dabara, sai likita?

In jikinka ya riga ya kamu da giya ko ƙwayoyin sa barci da kwantar da hankali irin su diyazefam, don Allah kar ka yanke lokaci ɗaya kai kaɗai a ɗaki, yankewar ba-zata na iya kawo karkarwa, ruɗewa da farfaɗiya, har ta kai ga rasa rai. Likita ne zai tsara yadda za a rage. Tiramadol, kodin da danginsu ma barinsu na zuwa da ciwon jiki mai tsanani da ke mayar da mutane baya, akwai magani da kulawar da ke sauƙaƙa shi. Haka caca in ta kai kana cin bashi kana ɓoyewa, ita ma ta wuce dabara, sai likita.

Sannan in ka yi sati biyu ko fiye ranka a jagule kusan kullum, abin da kake so da ya daina yi maka daɗi, barci da cin abinci sun canza, tashi daga gado ma aiki ne, wannan alamun ciwon damuwa ne kuma ana maganinsa, tsarin shafi biyu da kalanda ba za su ɗauke shi ba. Haka wanda waswasi ke sa shi wanke hannu ko duba ƙofa sau da yawa har yana cinye masa awanni, ko wanda tun yarinta ya kasa zama ya gama abu duk ƙoƙarinsa, su ma su ga likita. In kuma tunanin cutar da kanka ya fara zuwa, yau ɗin nan ka faɗa ma wani da ka yarda da shi, ka ce ya raka ka asibiti.